Kowa da kiwon da ya karɓe shi: kwana 11 a Maroko, mu shida

Wata uku kafin mu tashi na zauna da takarda da biro na raba wa mutanen gidanmu garuruwa, kamar mai rabon gado. Baba, mai shekara 72, na rubuta masa Fas, garin malamai da masallatai. Maiɗakina na ba ta Marrakesh, don a tunanina ba macen da za a kai kasuwa ta ce ba ta gode ba. Ƙanena, autanmu, wanda zama wuri ɗaya ke sa wa ciwon kai, na ba shi sahara. Yara biyu, mace 'yar shekara 11 da namiji ɗan shekara 7, na ce bakin teku ya ishe su. Ni ban rubuta wa kaina komai ba, wai ganin kowa ya ji daɗi shi ne nawa hutun. Abin da ya sa na zaɓi Maroko ke nan: ƙasa ɗaya mai duk waɗannan abubuwa, biza ɗaya, kuɗin jirgi sau ɗaya. Ban shawarci kowa ba. Sai da na gama biya sannan na nuna musu takardar, kowa ya ce Allah ya saka da alheri, ni kuma na ɗauka yabo ne.

Ƙarshen watan Disamba muka tashi, jirgin dare, muka sauka filin jirgin Muhammad na Biyar da ke Kasablanka gari bai gama wayewa ba. Jami'in shige da fice ya buga wa kowa hatimi tare da wata lamba a fasfo. Ku riƙe wannan lambar, don duk masaukin da muka sauka sai sun nemi a rubuta ta a takardar baƙi. A wurin kwastam ne muka fara cin karo. Auta ya sako ɗan jirgin nan maras matuƙi mai ɗaukar hoto a cikin jakarsa, ya sha alwashin sai ya ɗauki sahara daga sama. Ashe Maroko ba ta yarda a shigo da shi ba tare da izini ba. Suka karɓe cikin ladabi, suka ba shi rasit, suka ce ya zo ya karɓa ranar da zai fita. Tun daga nan har tashar jirgin ƙasa, wadda ke ƙarƙashin ginin filin jirgin, bai ce wa kowa uffan ba.

Mun canza kuɗi a nan kaɗan, a lokacin dala ɗaya kusan dirhami 10. Lissafin ya zo da sauƙi, yarinyar ma ta iya: a cire sifili ɗaya.

Kasablanka kwana ɗaya muka yi, ba don komai ba sai masallacin Hassan na Biyu. Ƙananan tasi na garin jajaye ne, kuma doka ta hana su ɗaukar fiye da mutum uku, saboda haka duk inda za mu sai mota biyu, har muka gama tafiyar. An gama masallacin a 1993, hasumiyarsa mita 210, wani ɓangarensa a kan teku yake, igiyar ruwa na dukan gindinsa. Mun shiga da sallar azahar. Baba ya ɗaga kai ya dubi rufin ya daɗe, ya ce, "Ikon Allah." Da muka fito na tambaye shi yadda ya gani, sai ya ce yana da kyau, amma daga ƙofa zuwa sahun farko tafiya ce. Na yi dariya. Da na san fassarar maganar da ban yi ba.

Washegari muka shiga jirgin ƙasa zuwa Fas, kusan awa huɗu, ta Rabat da Kenitra da Maknas. Na sayi tikitin aji na farko, inda kowane ɗaki kujera shida ne cif, kamar don mu aka yi. Yaron ya manne da taga bai ko nemi wayar uwarsa ba. A Kenitra ya hango jirgin Buraƙ, mai gudun kilomita 320 a awa, wanda aka buɗe a 2018 tsakanin Tanja da Kasablanka, ya tambaye ni me ya sa ba shi muka shiga ba. Ba ya cikin takardata. Ban taɓa tunanin jirgin ƙasa kansa abin kallo ne ga yaro ba. Ni a wurina abin hawa ne a isa inda za a.

Tasi ta ajiye mu a ƙofar Bujulud, mai shuɗin tayil ta waje da kore ta ciki. Daga nan mota ba ta shiga. Tsohon garin Fas lunguna ne kusan 9,000, wasu ba sa ɗaukar mutum biyu a jere, kuma garin a kan gangare yake: ko dai kana sauka ko kana hawa. Wani mai amalanke ya ɗora jakunkunanmu ya sa gaba da gudu, mu kuma muna biye muna kauce wa alfadarai. In ka ji an ce "balak!" to ka manne da bango, dabba ce tafe da kaya. Masaukin da na kama irin tsofaffin gidajen nan ne da suke kira riyad, tsakar gida a tsakiya da ɗakuna kewaye hawa-hawa, bango duk ado. A hoton intanet aljannar duniya. Abin da hoton bai nuna ba shi ne matattakala: siririya, mai juyi, kowane taki ya kusa kai gwiwa. Ɗakin da aka ware wa Baba yana hawa na biyu. Sai da na roƙi mai gidan ya sauya masa da wani ƙarami a ƙasa kusa da madafa. Ga sanyi. An gina gidajen ne don su kori zafin bazara, to a Disamba sai su zama randa. Bargo uku-uku muka rufa, da 'yar hita mai ƙara kamar injin markaɗe. Ɗaki dirhami 500 a kwana, da karin kumallo: burodi zagayayye, zaitun, zuma, wata waina mai fala-fala da suke kira musamman, da shayin na'ana'a mai sukari kamar an yi ɓari.

A nan dai lissafina ya ci. Fas ta karɓi Baba, shi ma ya karɓe ta. Da safe muka gangara Ƙarawiyyin, masallacin da Fatima al-Fihriyya ta kafa a shekara ta 859, wanda har yau ake lissafa shi cikin tsofaffin wuraren karatu na duniya. Daga waje ba za ka taɓa sanin girmansa ba, don shaguna sun rufe shi ta kowane gefe. Sai ka shiga ka ga ginshiƙai jere har inda ido ya tsaya. Daga nan ba nisa zuwa zawiyyar Shehu Ahmad Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815 aka binne shi a wurin. Mun tarar da baƙi daga Senegal da Mali da wasu ƙasashe, kowa da harshensa. Bayan magariba a wani masallacin unguwa kusa da masaukinmu, mutane suka yi da'ira suka karanta hizbi ɗaya tare da murya ɗaya, da ruwayar Warshu, kamar yadda ake yi a masallatan ƙasar safe da yamma. Baba ya matsa ya shiga da'irar. Larabcinsa na littafi, wanda ke sa matasan kasuwa murmushi saboda su Darija suke yi gauraye da Faransanci, a wurin dattawan nan ya zama kuɗi hannu. Kwana na biyu ba ya ma neman rakiya. Ya haddace hanyarsa, lungu uku da lanƙwasa biyu, yana tafe a hankali da sandarsa, mai sayar da dabino na gaishe shi da "ya Hajj".

Sauranmu kuwa na tasa su gaba da jadawali. Madarasar Bu Inaniyya ta wajen 1350, madarasar Attarin, sannan majemar Shuwara, inda ake miƙa maka reshen na'ana'a a ƙofa ka kara a hanci. Daga saman rufin wani shagon fata kake leƙa rijiyoyin rini da na jiƙo, wasu farare da farar ƙasa da kashin tattabara, mutane tsaye a ciki har cinya cikin wannan sanyi. Yarinyar ta ce in an daɗe za ta yi amai. Sau biyu wasu samari suka tare mu suka ce hanyar gaba a rufe take, mu biyo su. Ba a rufe take ba. So suke su kai mu shago su karɓi la'ada. Na farko mun bi, na biyu mun gane.

Daren ƙarshe Baba ya kira ni ɗakinsa. Ya ce, "Wannan saharar da za ku, dole ne da ni?" Na ce, "Baba, ai an riga an biya, kuma ta can hanyar Marrakesh take." Ya yi shiru, ya ce, "To, Allah ya kai mu." Rabin gaskiya na faɗa masa. Akwai jirgin ƙasa daga Fas har Marrakesh kai tsaye, awa shida da wani abu, mutum na zaune ƙafa a miƙe. Da na ƙara masa kwana biyu a Fas na sa shi a wannan jirgin, da babu wanda ya rasa komai. Amma na ƙudurta iyali ba sa rabuwa a tafiya.

Mun yi shatar wata ƙaramar bas da direbanta kwana uku a kan dirhami 5,000, mai a kansa. Direban Ba'amazige ne daga kudu, wato ɗan ƙabilar asali ta Arewacin Afirka, mai raha, shi ya karanta wa yara haruffan Tifinag, rubutun harshensu, da ke kan allunan hanya tare da Larabci da Faransanci, ya ce tun 2011 harshensu ya zama na hukuma. Daga Fas zuwa Marzuga, ƙauyen da ke bakin sahara, kusan kilomita 470 ne. Awa ɗaya da fita muka hau Ifran, mita 1,650 sama da teku, garin da Faransawa suka gina a 1929 da rufin gidaje masu tsini. Fari fat. Dusar ƙanƙara ta sauka kwana biyu kafin zuwanmu. Yara suka fasa ihu, kafin direba ya gama tsayawa sun buɗe ƙofa. Na ba su minti goma sha biyar a jadawalina. Suka ci awa guda, kuma da kuka aka mayar da ƙaramin mota, hannunsa ya sandare amma yana cewa a bar shi. Gaba kaɗan, a dajin Azru, birai marasa wutsiya suka kewaye mu, ɗaya ya fizge gyaɗa daga hannun Auta. A ranar ne ya fara dariya tun da aka karɓe masa jirginsa.

Shingayen jandarmomi suna da yawa, kusan a mashigar kowane gari da fitarsa. Allo ne a gefen hanya, mota ta rage gudu ta tsaya, sai jami'i ya yi nuni da hannu a wuce. Sau ɗaya kawai suka duba takardun direba, ba su nemi fasfonmu ba, ba kuma wanda ya miƙa wa wani komai. Abin da direbobi ke tsoro shi ne na'urar auna gudu, don tarar nan take ake rubuta ta. Shi ya sa tafiyar da taswira ta ce awa bakwai ta ci mana goma.

Midalt, kwarin Ziz mai dabino shimfiɗe kamar kore kogi tsakanin jajayen duwatsu, Rashidiyya, Arfud, duk mun wuce su. A Risani na sa aka tsaya. A bayan garin akwai kangon Sijilmasa, birnin da aka kafa a 757, wanda ɗaruruwan shekaru ayarin raƙuma ke tashi daga cikinsa su ƙetare sahara da gishiri da tufafi su komo da zinariya. Daga nan shahararren matafiyin nan Ibn Batuta ya tashi a 1352 zuwa Mali. Yau ba abin da ya rage sai guntayen bangon ƙasa da yara ke ƙwallo a gefensu. Na fita ni kaɗai na zagaya, iska na kaɗa ni, raina fes. Da na waiwayo na ga mutum biyar a cikin mota suna kallona ta gilashi, ba wanda ya sauko. A nan ne wani abu ya fara faɗo mini. Wannan doguwar hanya da na ce don Auta na tsara, anya ba don kaina ba ce?

Mun isa Marzuga rana na shirin faɗuwa. Tuddan yashin Shabbi suna tashi ne kwatsam daga fili mai baƙin tsakuwa, wasu sun kai mita 150, launinsu na sauyawa daga ruwan ƙwai zuwa ja kana kallo. Aka kawo raƙuma. Baba ya dube su ya ce shi da raƙumi sai gaisuwa, aka kai shi sansani da mota mai hawa yashi. Mu kuma aka ɗaure raƙumanmu a jere, wani yaro ya ja akala yana latsa waya. Minti arba'in. Auta, wanda ya zo da tunanin zai yi kokawa da daji, ya sauka ya tarar da tanti mai gado da banɗaki da lambar shiga intanet manne a ƙofa. Ya ce, "Yaya, wannan ce saharar tawa? Ai otal ne aka zuba wa yashi." Yara kuwa, da na ce teku ce tasu, sun hau tudu sun gangaro da birgima ya fi sau ashirin, har duhu ya hana. Taurarin daren nan ban taɓa ganin irinsu ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma sanyin asuba ya kusa daskarar da ruwan buta, kuma da na leƙa tantin Baba na same shi zaune naɗe da bargo yana matsa gwiwoyinsa. Bai yi barci ba. Na ce, "Sannu, Baba." Ya ce, "Jiki magayi." Bai ƙara ba, ni ma ban ƙara ba.

Kwana biyun da suka biyo duk a mota suka ƙare. Kwazazzabon Tudga, inda dutse ya tsage ya bar siririyar hanya da ɗan rafi a tsakiya. Kwana a wani ƙaramin masauki a kwarin Dadas mai murhun itace, inda muka sha miyarsu harira mai zafi da tajin, wato dafa-dukan kasko, na kaza da lemun tsami da aka jiƙa a gishiri. Abincinsu akwai ƙamshi amma ba yaji, sai Auta ya riƙa neman harisa yana zubawa har mai dafawa ya fito ya dube shi. Kusa da Warzazat muka hango hasumiyar tashar wutar rana ta Nur tana ƙyalli kamar an rataye wata rana ta biyu; tashar gaba ɗaya megawat 580 take bayarwa. Ait Bin Haddu, tsohon ƙauyen jan ƙasa da ke manne a jikin tudu, ni da yarinyar kaɗai muka hau. Sannan Tishka. Hanyar na hawa dutsen Atlas har mita 2,260, kwana bayan kwana, kafin ta gangara. Yaron ya yi amai sau uku. Maiɗakina na riƙe da shi da leda a hannu, ba ta dube ni ba, kuma rashin duban ya fi magana ciwo. Fiye da kilomita 1,000 muka yi cikin kwana uku.

Marrakesh muka shiga da dare, tasi ɗinsu masu ruwan ƙasa. Da safe na ce wa maiɗakina, "To yau ranarki ce, ga kasuwa." Ta gyara zama a bakin gado ta ce, "Abban yara, ni fa tun da muka zo ban zauna ba. A gida ina tashi da asuba saboda ku, a nan ma ina tashi da asuba saboda takardarka. Wa ya ce maka kasuwa nake so? So nake in kwana in tashi ba wanda ya tambaye ni komai." Shekara goma sha uku muna tare. Na tsaya riƙe da taswira kamar ɗan jagoran da aka sallama.

Sai ga wanda ban zata ba. Baba ya ce shi zai je. Marrakesh shimfiɗaɗɗiya ce, ba hawa ba sauka, gwiwarsa ta sarara. Muka bi ta gefen masallacin Kutubiyya, mai hasumiya mita 77 da sarakunan daular Muwahhidun suka gina a ƙarni na 12, muka ratsa dandalin Jami'ul Fana muka shiga kasuwa. Ni ciniki na gajiyar da ni. In an faɗi kuɗi na rage kaɗan in biya in huta. Baba kuwa ya ga wata jallabiyar ulu mai hula, ya ja kujera ya zauna. Mai shagon ya ce 700. Baba ya yi dariya ya tambaye shi lafiyar iyali. Aka kawo shayi. Suka yi maganar sanyi, da tsadar ulu, da girgizar ƙasar 8 ga Satumban 2023, mai ƙarfin 6.8, wadda ta kashe mutum kusan 3,000, yawancinsu a ƙauyukan dutse kudu da garin. Mutumin ya nuna mana tsagar da ta bari a bangon shagonsa, ya ce sun kwana a dandali ranar. Baba ya yi musu addu'a. Bayan kusan awa ɗaya aka daidaita a 300, aka rabu ana riƙe da hannun juna. Da muka fito fuskarsa na sheƙi, ya ce mini, "Kai ba ka iya saye ba, biya ka iya."

Da yamma dandalin ya cika: masu wasa da macizai, masu ƙunshi da ke kama hannun mace tun kafin ta yarda, masu kiɗa, hayaƙin gashi, masu lemun matsi jere, kowa na kiranka. In ka ɗaga waya ka ɗauki hoto, hannu zai miƙo neman kuɗi. Yarinyar ta riƙe rigata gam, ta ce mu koma. Wuri ne na mai son hayaniya da ba ya jin nauyin cewa a'a sau hamsin a dare ɗaya. Mai son shiru ya hau saman wani gidan shayi ya kalla daga can, ko ya ƙyale.

A daren nan na yi abin da ya kamata in yi tun wata uku baya: na tambayi kowa. Auta ya ce shi dutse yake so. Tubƙal, mita 4,167, mafi tsawo a Arewacin Afirka, daga ƙauyen Imlil ake fara hawansa, awa ɗaya da rabi daga Marrakesh, kuma doka ce sai da ɗan jagora mai rajista. Na buɗe baki zan ce iyali ba sa rabuwa, sai Baba ya riga ni: "Ƙyale shi ya je. Kowa da kiwon da ya karɓe shi." Da asuba ya tafi da jakar baya. Sauran abin da na jera na Marrakesh, fadar Bahiyya da lambuna da maƙabartar sarakuna, na soke su da biro ɗaya.

Mu biyar muka shiga bas zuwa Essawira, awa uku. A hanya akwai awaki tsaye a kan itacen argan, wanda ake matse mai daga ƙwallonsa. Wani fasinja ɗan ƙasar ya ce mini yawancin na bakin titi ɗora su ake yi don masu hoto su biya. Essawira ƙaramin gari ne cikin ganuwa, Sarki Muhammad ɗan Abdullahi ya sa aka gina shi a wajen 1765, titunansa a miƙe ba kamar Fas ba, yaro ma ba zai ɓata ba. A wannan karon na nemi gida mai ɗaki a ƙasa da madafa, na tambayi yawan matattakala kafin in biya. Muka kai yara bakin teku, alƙawarin da na yi musu tun daga gida. Suka ruga da gudu, ruwa ya taɓa ƙafarsu, suka dawo da gudun da ya fi na zuwa. Tekun Atlantika a nan sanyi gare ta ko da bazara, ga iska. Mai gidanmu ya ce ai yanzu ma da sauƙi, a Yuli yashi har cikin kunne. Masu wasan hawa allo iska na jan su a kan ruwa su ne ke murna da ita. Wanda yake son yaransa su yi iyo, ba nan zai kawo su ba, kuma ba a wannan wata ba.

Amma ba su damu ba. Garin cike yake da kuliyoyi ƙosassu, yaron ya sa wa bakwai suna. Suka hau tsofaffin igwa na tagulla da ke jere a kan ganuwa. Kullum da hantsi Baba ya kama hannun yarinyar ya ce, "Taso, amarya, mu je mu ga abin da teku ta kawo," su nufi tashar masunta, inda shuɗɗan kwale-kwale ke sauke kifi, tsuntsaye na shawagi suna sata. Ka zaɓi sardin ɗinka a gasa maka nan take da gishiri da burodi, mu biyar ba mu kashe dirhami 150 ba. Ranar Juma'a muka ci kuskus kamar kowa a garin. Maiɗakina ta yi kwana uku ba ta san ƙarfe nawa ba. Ta je hammam, gidan wankan tururi, na mata sau ɗaya ta dawo tana cewa an sauya mata fata, sauran lokaci tana saman rufi da shayi tana kallon ruwa. Abin da ta saya duk tafiyar kwalbar man argan biyu ce da ɗan akwatin katako. Ni ne ma rana ta biyu ƙafata ta fara ƙaiƙayi, na fara duba ko akwai wani kango kusa. Na samu kaina ina zagaya ganuwa ni kaɗai ina karanta shekarun da aka zana a jikin igwa.

Ranar komawa muka haɗu da Auta a tashar jirgin ƙasa ta Marrakesh. Leɓɓansa sun tsage, hancinsa ya saɓe, yana ɗingishi, bakinsa har kunne. Ya kwana a masaukin mahaya a mita 3,200, suka tashi cikin duhu da ƙarafa masu haƙora ɗaure a takalmi, ya kai ƙololuwa rana na fitowa, ya ce ya yi kuka bai san dalili ba. Awa uku zuwa Kasablanka bai rufe baki ba. A filin jirgi ya miƙa rasit aka ba shi jirginsa a cikin kwalinsa, ya jefa a jaka ko buɗewa bai yi ba. Ragowar dirhamin da ke aljihuna na sayi dabino da shi, tunda a waje ba a cika karɓar canjinsa ba.

Muna zaune muna jiran kira, yarinyar ta zaro takardar nan daga cikin fasfona, ta ninke har ta kusa yagewa. Ta karanta da ƙarfi, suna da gari, suna da gari, kowa na dariya in an zo kansa. Da ta kai ƙarshe ta ce, "Abba, kai ba ka rubuta naka ba." Uwarta, ido a rufe, ta ce, "Duk nasa ne." Baba ya gyara hular sabuwar jallabiyarsa, ya ce in Allah ya kai mu wata shekara in saya masa tikitin Fas kawai, zuwa da dawowa, ɗaki a ƙasa, mu kuma mu je inda muka ga dama. Yaron ya cire takalminsa ya zazzage, yashin Marzuga ya zubo a kan tayil.